Ƙananan ƙunshi a zagayen karkara: akwati ko bakin ƙofa?

Bakatsine_NC:

Assalamu alaikum. Don Allah waɗanda suka riga ni shiga aikin gidan waya a nan Amurka, musamman masu zagayen karkara, ina neman ku ɗora ni a hanya.

Sati na biyar ke nan da aka ɗauke ni RCA, wato ɗan canjin da ke riƙe hanya ranar da mai ita ke hutu. Ofishinmu ƙarami ne, a wani gari mai tafiyar minti arba'in daga Greensboro a jihar North Carolina. Hanyar da aka ba ni mil 62 ce, akwatuna 540 da ɗoriya, kusan duk a bakin titi, tsakanin gonakin taba da na waken soya da dogayen gidajen kaji. Da motata nake yi, sitiyarinta kuma a hagu yake, sai in zauna kusan a tsakiya ina miƙa wasiƙa ta tagar dama. Wannan ma na fara sabawa.

Wasiƙu ba su dame ni ba, inji ne ke jero su gida bayan gida, a tire suke zuwa. Manyan kwalaye ma ba wuya, da ka gan su ka san bakin ƙofa za su. Abin da ya hana ni sakat shi ne 'yan ƙananan nan da ake kira SPR: leda mai riga ɗaya a ciki, ambulan mai kumfa da cajar waya, kwalbar magani, ɗan kwalin cak na banki, kalanda a naɗe. Su ba wasiƙa ba, su ba kwali ba. Asabar ɗin da ta wuce ƙunshi 143 na samu, kusan 90 irin waɗannan ne. Na zuba su a baho biyu a kujerar baya. Sau huɗu ina wuce gida sai na yi nisa in ga nasu a ƙasan baho, in juyo. Ɗaya ma sai da na dawo ofis na gan shi ya faɗa ƙarƙashin kujera, na sake fita mil tara. Ban tashi aiki ba sai bayan magariba, alhali matar da ke da hanyar ƙarfe uku take gamawa.

Na tambayi mutum biyu a ofis, kowa da tasa. Ɗaya ya ce in cusa su duka cikin kes, wato kabad mai ramuka da ake jera wasiƙun gidaje a ofis, tare da mujallu tun da safe. Ɗayan ya ce kada in soma, in jera su daban. Sannan wani ya ja ni gefe ya ce duk wanda na yi shakka in kai shi bakin ƙofa, wai ya fi kawo wa hanya minti. Ban gane wannan lissafin ba, kuma zuciyata ba ta kwanta da shi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wata kwalbar magani a cikin leda. Akwatin gidan ƙarami ne, ga jaridun talla sun cika shi. Na tura ta da ƙarfi, murfin bai rufu sosai ba, na tafi. Da dare aka yi ruwa. Har yanzu ina tunanin ko ta jiƙe, ko ta faɗo, ko mai ita dattijuwa ce da ke jiran ta.

To, wane ma'auni ne ake bi a ce wannan ƙunshi ne, wannan ba ƙunshi ba? Ku yaya kuke jera su? Kuma yaushe ne ya wajaba in sauka daga mota? Allah ya saka da alheri.

Yaya Mai Jeep:

Wa alaikumus salam ƙanena, barka da shigowa. Shekarata goma sha ɗaya a wannan aiki a jihar Ohio, shida a ciki ina 'yar canji kamarka kafin in samu hanyata. Da na karanta bayaninka na baho biyu a kujerar baya sai na ga kaina a watan Disambar farko. Kwantar da hankalinka, ba rashin ƙoƙari ba ne, tsari ne bai zauna maka ba tukuna.

Abin da ya rikita ka shi ne ma'auni uku ne ake magana a kansu da suna ɗaya. Akwai na kuɗi, wanda akawun gidan waya ke bi ya caji mai aikowa. Wannan ba ruwanka da shi. Akwai na lissafin aiki, wanda ake auna hanya da shi. Sai na uku, wanda shi ne naka na kullum: bakin akwatin mutumin.

Na lissafin aiki, a tsohon tsari ga yadda yake. Abu mai tauri, idan ya wuce inci 5 a tsayi, ko inci 18 a tsawo, ko inci 1 da 9/16 a kauri, ko da ɗaya daga cikin ukun, ƙunshi ne. Abu mai laushi kuwa, idan ba zai shiga ramin kes tare da sauran wasiƙun gidan ba, shi ma ƙunshi ne. Kowane ƙunshi rabin minti ake rubuta wa hanya. A wancan tsarin, lokacin ƙidayar wasiƙu sai ka ga manya da furfura sun tsaya da rula a kan ɗan kwali guda ana ja-in-ja da sufabaiza, don wannan rabin mintin idan ya taru shi ke ɗaga hanya daga wani mataki zuwa wani. Ka san mu ba da awa ake biyanmu kai tsaye ba, da ƙimar hanya ne, wato awannin da aka ƙiyasta hanyar za ta ci. Ita ce ma ke raba hanyoyi: ta K mai ita na hutun kwana ɗaya kowane sati ban da Lahadi, ta J kwana ɗaya duk sati biyu, ta H kuwa kwana shida cur ake yi.

Tun watan Mayun 2023 aka koma sabon tsari mai suna RRECS. Yanzu ba rula ke magana ba, sikanar da ke hannunka ce, wato na'urar haska lambar kaya. Tana ganin inda ka tsaya, tana ganin abin da ka danna: ka sa a akwati, ka kai bakin ƙofa, ka sa a kabad ɗin ƙunshi, ko ka miƙa hannu da hannu. Wanda aka kai ƙofa ya fi minti saboda an auna tafiyar mota zuwa inda ake fakin da takun ƙafa zuwa ƙofar. Wannan ne abin da mutumin da ya ja ka gefe yake nufi. Bayaninsa gaskiya ne, shawararsa ce ba ta da kyau. Abin da ya shiga akwati lafiya, akwati ne wurinsa. Idan ka riƙa sauka a inda babu dalili, ka ɓata wa kanka lokaci, ka ƙara wa kanka haɗarin kare da santsin baranda. Wanda kuma ya sa a akwati ya danna ƙofa, wannan ƙarya ce a rubuce, kuma ana korar mutum a kanta. Mu da muke neman halak ba ma sai an kawo mana zancen kora ba.

Amma ka ji ɗaya gefen, don shi ne sababbi ba sa sani. Idan ka kai ƙofa da gaske, ka danna ƙofa, kuma ka danna a nan bakin ƙofar, ba a cikin mota ba, ba kuma da safe a ofis ba. Idan kaya sun yi yawa ka yi sawu biyu, akwai wurin da ake shigar da ƙarin sawu. Idan ƙunshi ya zo ba lamba ko lambar ta goge, akwai wurin shigar da shi. Duk abin da ka danna ranar Asabar yana shiga lissafin hanyar, kuma daga wannan lissafin ake fitar da albashin matar da kake riƙe wa. Ɗan canjin da ke gaggawa yana tsallake danne-danne, ita yake rage wa abinci ba tare da ya sani ba. Amana ce a hannunka. Ni ɗan canjina na farko sai da na zauna da shi a mota na nuna masa ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu zancen jeri. Ƙaramin ƙunshi ba a kan hanya ake yanke masa hukunci ba, a gaban kes ake yi da safe. Wanda ya fita da su a baho yana cewa zai duba a hanya, ya riga ya makara. Ni kashi uku nake yi.

Masu faɗi marasa kauri, irin ledar riga ko ambulan mai kumfa da ba ta kumbura ba, cikin kes nake sa su a ramin gidansu tare da mujallu, in juya lambar tana kallon sama. Idan na kwashe kes, suna fitowa a jere da wasiƙun gidan, ba yadda za a yi in wuce su.

Masu ƙumbo, irin kwalbar magani da ƙananan kwalaye, ba na cusa su a kes, suna ɓata jeri kuma suna yaga wasiƙu. Doguwar tire nake samu in jera su tsaye daga gidan farko zuwa na ƙarshe, in ajiye ta inda hannuna ke kaiwa ba sai na waiwaya ba. Idan ba ka san hanya ba tukuna, sikana na da wurin lodin mota: ka haska lambar, ta faɗa maka sashe na nawa ne cikin shida da lambar jerin gidan. Ka rubuta wannan lambar da maka a jikin ƙunshin, babba. Minti ashirin zai ci maka da safe, ya fanshe maka awa biyu da yamma.

Manyan kuma suna baya, na ƙarshen hanya a can ciki, na farko a bakin ƙofar mota.

Abin da ke haɗa ukun shi ne alama. Duk gidan da ke da ƙunshi a tire ko a baya, sai na sa ɗan kati mai launi a raminsa na kes. Ja na tire, shuɗi na baya. Na yanka su ne daga tsofaffin fayil na roba, shekara da shekaru ina amfani da su. Ka lura da wannan sosai: gidan da ake wucewa shi ne wanda ba shi da wasiƙa ko ɗaya a ranar sai ƙunshin. Hannunka bai ɗauko komai ba, ƙafarka ba ta taka birki ba. Ina da yaƙinin cikin huɗun da ka wuce, uku irin wannan ne. Kati a ramin da babu komai shi ke tsayar da kai.

Batun sauka kuwa, ƙa'idata ɗaya ce: idan murfin akwati ba zai rufu ruf ba tare da na danne kayan ba, bai shiga ba. Ba a rataye ƙunshi a jikin akwati, ba a ɗora shi a kai, ba a ajiye shi a gindin sandar. A ƙa'idar karkara, idan gidan bai wuce rabin mil daga hanyarka ba kuma hanyar shiga tana biyuwa, kai za ka kai. Idan ya fi haka nisa, ko akwai ƙofa a kulle, ko babu wurin da ruwa ba zai taɓa ba, ka cike takarda 3849, 'yar mai launin ruwan goro ɗin nan, ka sa a akwati, ka mayar da kayan ofis su zo su karɓa. Abin da ke buƙatar sa hannu kuwa ko da ya kai ƙanƙantar ashana, sai ka je ƙofa.

Kwalbar maganin nan da ka tura, da ka sauka da ita. Ba zan ɓoye maka ba. Amma damuwar da ka yi ta nuna min za ka yi aikin nan da kyau. Ranar Litinin ka gaya wa mai hanyar, ita ta san ko wane ne a gidan, ta leƙa. A karkara magani ta gidan waya yake zuwa wa mutane da yawa, musamman tsofaffin sojoji, don wani mutumin, kantin magani mafi kusa da shi tafiyar rabin awa ce kuma ya daina tuƙi. Idan ka girgiza leda ka ji ƙwayoyi na kaɗawa, ka ɗauke ta da daraja ta daban.

Sannan ka duba takardar albashinka. Sabon ɗan canji, a zangon albashi biyar na farko, ana biyansa wanda ya fi yawa tsakanin awannin da ya yi da ƙimar hanyar. Ka rubuta lokutanka daidai a takarda 4240. Idan wani abu bai yi maka daidai ba, akwai wakilin ƙungiyarmu ta NRLCA, aikinsa ke nan.

Ɗan Zongo:

Salamu alaikum. Yaya ta gama magana, sai dai in ƙara ta ɓangarenmu, don ni akawu ne a wani ofis a Pennsylvania, ƙarfe huɗu na asuba nake shiga. Mu ne muke jefa muku ƙunshin nan a amalankenku kafin ku iso.

Ɗan'uwa, dalilin da ya sa kake ganin abu kamar ambulan amma ana kiransa ƙunshi, daga ma'aunin kuɗi ne. Wasiƙa iyakarta inci 6 da 1/8 a tsayi, 11 da rabi a tsawo, rubu'in inci a kauri. Babbar ambulan iyakarta inci 12 da 15, kauri kashi uku cikin huɗu na inci, kuma dole ta kasance tana lanƙwasuwa, kaurinta ɗaya ko'ina. Da zarar an sa mata abu mai tauri, ko ta yi tudu a gefe ɗaya kamar an sa makulli ko kwalbar turare, ta zama ƙunshi, a biya kuɗin ƙunshi, a manna mata lambar bibiya. Da yawa daga cikin ƙananan da kake gani da tsarin Ground Advantage suke zuwa, wanda aka fara a Yulin 2023, kuma shi ɗin yana ɗaukar kaya har laba 70, kusan kilo 32. To ka ga tsari ɗaya ne ya kawo maka cajar waya da buhun abincin kare.

Inda zan ɗan saɓa da Yaya, da girmamawa, shi ne sa masu faɗi a cikin kes. Ita hannunta ya san bambanci ko idonta a rufe. Sabon mutum kuwa yana damƙo wasiƙun gida gaba ɗaya ya tura a akwati, ƙunshin na tsakiyar mujallu, bai haska ba. Kaya sun isa lafiya amma a waya mai su yana ganin ba a kawo ba. Da yamma mu ake bugo wa, sufabaiza kuma yana da jerin duk wanda ya shigo ofis da safe ba a haska shi a hanya ba. A ganina wata biyun farko duk abin da ke da lamba ya zauna a tire, sai hannu ya faɗa.

Ka kuma riƙa zazzage bahon mujallu har ƙasa kafin ka fita. Ƙananan ledoji na maƙalewa a can, wani lokaci inji ne ya haɗo su, wani lokaci mu ne cikin sauri. Ka leƙa kes ɗin gyara na ƙarshe, inda ake sa waɗanda suka ɓata hanya.

Da bazara za ka shigo ka ji ofis na ta tsiu-tsiu. 'Yan tsaki ne 'yan kwana ɗaya a kwali mai huji, tun 1918 ake aiko su ta gidan waya. Har ƙudan zuma ana aikowa. Waɗannan ba ma jiran zagaye, lambar mai su na jikin kwalin, da asubar muke kiransa ya zo ya ɗauka. Idan ka ga an bar maka su a amalanke ka tambaya tukuna, kada su yini a mota.

Tsohon Ma'aikaci:

Assalamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne ya nuna min wannan hira a wayarsa, ya ce Baba ga 'yan aikinku. Na yi aikin gidan waya tun ana ce masa P&T, kafin a raba shi a 1985 a fitar da NIPOST da NITEL, har na yi ritaya. Na karanta duka, wasu kalmomin jikan ne ya warware min.

Mu a wajenmu ba a bin gida gida a ƙauye. Wanda ke da hali ya kama akwati a gidan waya, ma'aikatu da makarantu suna da jakar PMB. Ƙauyuka kuwa akwai wakilan gidan waya, sau da yawa mai kanti ne. Mu ɗaure jaka mu buga mata hatimi, mota ta kai, ranar kasuwa a zo a duba. Wasiƙar mutumin ƙauye ta hannun hedimasta ko dagaci take bi, adireshin ke nan. Ƙunshi kuma ba ya fita daga ofis. Takarda muke aikawa, mai shi ya zo da shaida ya sa hannu a babban littafi, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala. Ƙananan da ke shiga jakar wasiƙu muna ware su daban da manyan, kuma su ne suka fi sa mu ido, don abin da ya ƙanƙanta shi ke sulalewa a kusurwar jaka. Shi ya sa duk jakar da aka zazzage sai an juya cikinta waje. Da na ji ɗana na Zongo yana cewa a zazzage baho har ƙasa, na ce ashe aikin ɗaya ne.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne mil 62 da gidaje 540 a wuni ɗaya, mutum ɗaya. Kuma a ce akwati a bakin titi ba makulli, a sa magani a tafi. Tun yaushe suka fara haka? Kuma ba a ɗauka?

Kai kuma ɗana na Katsina, kada ka ji kunyar komawa mil tara saboda ƙunshi ɗaya. Mun sha buɗe ofis bayan an tashi saboda rajista ɗaya ba ta cika a littafi ba. Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku a hanya.

Yaya Mai Jeep:

Amin Baba, mun gode, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. A 1896 aka fara gwajin kai wa manoma wasiƙa kyauta a jihar West Virginia, da doki da keken doki, aka tabbatar da shi a 1902. Ƙunshi mai nauyi kuwa sai ranar 1 ga Janairun 1913 gidan waya ya fara ɗauka, daga nan manoma suka shiga odar kaya daga kundin manyan kantuna. Akwatin mai kama da rami da kuke gani a hoto, mai jar tuta a gefe, zanen 1915 ne, an yi shi don wasiƙa da jarida. Matsalar ƙanena ke nan a taƙaice: akwatin zamanin wasiƙa, kayan zamanin odar waya. Ana sata, Baba, ba a rasa ba, amma taɓa wasiƙar wani babban laifi ne a dokar tarayya, kuma doka ta hana kowa sa wani abu a akwatin nan sai gidan waya, har kamfanonin kai kaya. A karkara kuma maƙwabta sun san motar kowa.

Malam Ɗan Zongo, na karɓi gyaranka. Wata biyun farko ya bar su a tire.

Bakatsine_NC:

Na gode ƙwarai Yaya, na gode Malam, Baba Allah ya saka da alheri. Na dawo da labari.

Na gaya wa mai hanyar zancen maganin. Ta ce wani dattijo ne mai ciwon suga, 'yarsa ce ke zuwa ɗaukar masa wasiƙa duk bayan kwana biyu, shi ya sa akwatin ke cika. Ta leƙa, maganin ya isa, ledar ce kawai ta jiƙe. Ta ce daga yau nasa a kai ƙofar gefe, akwai kujera a ƙarƙashin rumfa. Na rubuta a kati na manna a ramin gidan don duk wanda zai riƙe hanyar ya gani.

Jiya Asabar ƙunshi 128. Na zo da wuri, na haska su duka, na rubuta lamba, na jera a tire biyu, na yanka katuna daga kwalin hatsin yara. Gida ɗaya kawai na wuce, kuma kamar yadda kika faɗa, ba shi da wasiƙa, katin ne ya zame ya faɗa bayan tire. Ƙarfe biyar saura na dawo, na samu la'asar a kan lokaci.

Saura abu biyu. Akwai gidan da kusan kullum suna da ƙananan ƙunshi uku ko huɗu, kowanne shi kaɗai zai shiga akwati amma tare ba za su shiga ba. In sa biyu in kai biyu ne? Kuma gidan da karnuka biyu ne a sake, ba shinge, hanyar shiga ƙunci, babu wurin juyawa sai da ribas.

Yaya Mai Jeep:

Alhamdu lillahi, ka ga dattijon ya samu mai kula da shi. Katin, ka sa masa kyauro ka haɗa shi da wasiƙar gidan da ke gabansa, ba zai zame ba.

Idan ba su shiga tare ba, ka kai su duka ƙofa, wasiƙun kaɗai ka bari a akwati. Raba su na sa mutane su ga biyu a baranda su ɗauka sauran sun ɓata. Amma wannan gidan da karnuka a sake, kada ka sauka. Ko mai gidan ya tsaya yana ce maka ba sa cizo, kada ka sauka sai ya ɗaure su. Ka yi hon sau biyu daga bakin hanya, idan an fito ka miƙa ta taga ka danna an karɓa hannu da hannu. Idan ba a fito ba, 3849, ka rubuta dalili, ka gaya wa sufabaiza a ranar, a sa katin gargaɗin kare a kes. Maganin feshin kare ya kasance a jikinka, ba a aljihun mota ba. Ni tabon da ke ƙaurina na wani ɗan ƙaramin kare ne da na shekara uku ina wucewa bai taɓa ko haushi ba.

Ribas kuma ka guje shi iyakar iyawarka, musamman gidan da ka ga keken yara a tsakar gida. Inda ba wurin juyawa, ka yi fakin a bakin titi ka taka. Duk lokacin da za ka fita daga mota, ko taku uku ne, ka kashe inji, ka ja birkin hannu, ka zare makulli. Kai da kake cikin kwanakin gwaji, motar da ta gangara ba kowa a ciki ita ce ƙarshen aiki.

Mai hanyar ta yi musu maganar babban akwati. Akwai wanda aka amince da shi mai faɗi, yana ɗaukar irin waɗannan huɗun har da wasiƙu, ana samu a kantunan kayan gini. A kafa shi tsayin inci 41 zuwa 45 daga ƙasan titi, don hannunka ya kai daga taga. A hanyata gidaje sun fi talatin da suka canza bayan na yi musu bayani, yawanci masu karnuka ne, don sun gaji da zuwa ofis da 'yar takarda. Ita ta fi ka sanin yadda za ta faɗa musu, ka bar mata wannan. Idan ka fara neman mota mai sitiyari a dama kafin sanyi ya shigo, ka yi min magana, akwai abubuwan da za ka duba a ƙarƙashinta kafin ka biya.